Su da dusar ƙanƙara, mu da hunturu: me muke bar wa yara su tuna?



A farkon watan Fabrairun da ya wuce, wani tsohon ɗalibina da na koyar a ajin CE1 shekaru da dama baya, wanda yanzu yake karatu a lardin Kebek na ƙasar Kanada, ya turo mini wani ɗan gajeren bidiyo ta WhatsApp. A cikin bidiyon akwai wani dogon kwami na katako, irin wanda muke shayar da dabbobi a ciki, an cika shi da dusar ƙanƙara an daddanne. Wani dattijo na riƙe da ludayi yana tsiyaya wani abu mai launin zuma a kan dusar, layi-layi. Yara ƙanana da ba su wuce shekara uku zuwa shida ba sun yi cirko-cirko a bakin kwamin, an naɗe su cikin tufafi ba ka ganin komai sai ido da hanci, kowa da ɗan tsinkensa a hannu. Da abin ya ɗan sha sanyi sai kowane yaro ya ɗora tsinkensa a bakin layin, ya yi ta naɗewa har ya zama dunƙulen alewa, ya kai baki. A ƙasan bidiyon yaron nawa ya rubuta: "Mushe, ka tuna ranar da ka koya mana kalmar neige muka ce ba mu yarda ba? To ga ta nan, har alewa ake yi a kanta."

Na yi dariya, da dare na nuna wa yarana. Suka kalla sau uku ko huɗu. Sai ƙaramarsu, mai shekara shida, ta ɗago kai ta ce: "Baba, mu in sanyi ya zo me muke yi?" Na buɗe baki zan ba ta amsa na rasa abin faɗi, sai na ce muna sa rigar sanyi, muna shafa mai. Ta ce: "Shi ke nan?" Wannan tambaya ce ta sa nake wannan rubutu yau da hunturu ya sake kawo kai, domin ina ganin ba ni kaɗai ta shafa ba.

Bari in fara da bayanin abin da ke cikin bidiyon, don kada a ɗauka kayan masu kuɗi ne. A gabashin Kanada da arewa maso gabashin Amurka akwai wani icce da ake kira erabul da Faransanci, shi ne wanda ganyensa ke tsakiyar tutar Kanada tun 1965. A ƙarshen sanyinsu, daga wajejen ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da dare ke daskarar da ruwa rana kuma ta narkar da shi, ruwan jikin iccen yakan motsa. Sai a huda jikinsa a sa ɗan bututu, ruwan ya riƙa ɗiga a bokiti. Wannan ruwa kusan kamar ruwan sha yake, sukarin cikinsa bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba, sai an dafa wajen lita 40 kafin a samu lita 1 ta maɗi mai kauri. Mutanen ƙasar na asali, waɗanda Turawa suka tarar a wurin, su suka fara sanin amfanin wannan icce, kuma a hannunsu baƙin suka koya. A yau lardin Kebek shi kaɗai yana samar da wajen kashi 70 cikin 100 na wannan maɗi a duniya.

In za a yi alewar, sai a ci gaba da dafa maɗin har zafinsa ya kai wajen digiri 114, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa. Daga nan a tsiyaya shi a kan dusa mai tsabta. Sanyi yana kama shi nan take, bai samu lokacin komawa ƙwayoyin sukari ba, sai ya tsaya da taushi yana danƙo. Ke nan dusar aikin faranti mai sanyi take yi, wanda Allah ya shimfiɗa musu a ƙofar gida kyauta. Ƴan ɗakunan katakon da ake dafa maɗin a cikin daji suna kiran su bukkar sukari, iyalai sukan je can da yaransu, makarantu ma sukan kai ɗalibai. A Amurka kuwa uwa takan ajiye kwano a waje dusa ta cika shi, ta zuba madara da sukari ta juya, yara su sha kamar askirim. A kudancin Turkiyya da Iran ana zuba maɗin inabi a kan dusa a sha da cokali. Kuma duk suna da ƙa'idarsu: ba a ɗibar ta bakin titi, ko wadda ta canza launi, ko ta ƙasa-ƙasa da ta taɓa turɓaya.

Kada wani ya zaci sanyinsu na wasa ne. A birnin Kebek, cikin watan Janairu, digiri 10 zuwa 20 ƙasa da sifili abu ne na yau da kullum, kuma a watan Disamba rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu na yamma. Sanyi ne mai kisa in mutum ya yi sake. Duk da haka tun 1955 birnin yake shirya babban bikin sanyi a tsakiyar wannan lokaci, ana fita da yara suna wasa cikin dusa. A ƙasashen arewacin Turai irin su Finlan da Suwidin da Denmak ma, iyaye sukan bar jariri ya yi barcin rana a waje cikin kekensa, an lulluɓe shi da kyau. Ban kawo wannan don mu yi irinsa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutanen nan sun ɗauki lokacin da ya fi kowane wuya a shekararsu, suka sa masa wani abu mai daɗi da yaro ke yi da hannunsa, babba na tsaye kusa da shi. Yaron da ya tashi a haka, in ya girma aka ambaci sanyi, kakansa mai ludayi zai fara tunawa.

To mu fa? Mu ma muna da namu lokacin. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, tana ɗauke da ƙurar hamada, wadda kaso mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa. A Maraɗi da Damagaram da Tawa, asubahin Janairu yakan sauko wajen digiri 12 zuwa 15, a tsaunukan Ayar da yankin Bilma kuwa akan samu daren da ruwa ke daskarewa. Ga yaron da ke kwana kan tabarma da zane ɗaya, wannan ɗari ne na gaske. Amma mu tambayi kanmu, da me yaranmu suka san hunturu? Sun san shi da faɗan wanka da asuba, da leɓe mai fashewa, da faso, da majina. Sun san shi da tsawa: shiga ɗaki, rufe ƙofa, kada ka sha ruwan randa. A lakwal kuma sun san shi da bulalar makara a bakin ƙofa. Yaro ya iso yana rawar ɗari, hannuwa a hammata, yatsu sun ƙage ba ya iya riƙe alli, mu kuma mu tare shi da faɗa. Ni ma na yi, ba sau ɗaya ba, Allah ya yafe mana.

Bayan haka sai mu shiga aji mu koya masa lokutan shekara huɗu na ƙasar Faransa, ya haddace su da waƙa. Na sha gwadawa a manyan azuzuwa: yaron da zai jero maka su da Faransanci ba gargada, in ka ce ya jero damina, kaka, hunturu da bazara, ya faɗi abin da ake yi a kowanne, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Alhali tun muna lakwal normal aka koya mana cewa darasi daga abin da yaro ya sani yake farawa, sannan a kai shi ga abin da bai sani ba. Wannan tunani ne ma ya sa aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a Damagaram tun 1973. Sanin dusar ƙanƙara ba laifi ba ne, ga shi ɗalibina ya je ya gan ta da idonsa. Laifin shi ne yaro ya san sunan sanyin wasu, nasa kuwa bai san shi da komai ba sai wahala.

Abin da ya fi ba ni takaici, hunturu shi ne lokacin da ya fi kowanne yalwar kayan daɗin yara a ƙasarmu. An gama kaka, amfani ya shigo gida. Ga gyaɗa, ga riɗi, ga aya wadda jihar Maraɗi ce cibiyarta a Nijar. Ga rake daga fadamun Matamai da Magariya da na jihar Doso an jibge shi a bakin kowace kasuwa. Ga magarya ta nuna, ga kuka, ga goruba, ga dankali da rogo. Da waɗannan iyayenmu mata suke yin kantu da dakuwa da tuwon magarya da hanjin ligidi. Ni na tashi na ga kakata tana suyar gyaɗa cikin yashi a kasko bayan isha'i, ta turbuɗe dankali a toka, mu jikoki mun kewaye ta muna jin ɗumi tana mana tatsuniya. In ta gama tatsuniya ɗaya sai ta ce a tono a gani ko ya nuna. Har yau in na ji ƙamshin gasasshen dankali ita nake tunawa, kuma ban iya tuna ko ina da rigar sanyi a lokacin ko babu.

In kuka duba da kyau, hikimar ma ɗaya ce. Mazarƙwaila yadda ake yin ta, a matse rake, a dafa ruwan har ya yi kauri, a zuba a ƴan kwanoni ya daskare, ai hanyar da mutanen Kebek ke bi da ruwan iccensu ke nan. Mai hanjin ligidi kuwa, in tana so ta san ko sukarinta ya kai, sai ta ɗiga kaɗan cikin ruwan sanyi ta murza da yatsa, in ya dunƙule ya yi. Aikin da dusa ke yi musu, kofin ruwan randa ne ke yi mana. Ba mu rasa kaya ba, ba mu rasa sani ba. Abin da ya canza shi ne matsayin yaro a cikin lamarin. Yau sai mu miƙa masa dala biyar ko goma, ya ruga teburin mai tireda ya sayo minti cikin leda, harshensa ya rine ja ko shuɗi, mu da shi ba wanda ya san abin da ke ciki. Masu kantu da dakuwa suna nan ba su ƙare ba, amma yaro ya koma mai saye, yarinyar da ta iya yi kuwa sau da yawa don talla ta koya, da sanyin safiya za a ɗora mata faranti alhali ƙawayenta suna aji.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma wasu hujjojinsu masu nauyi ne. Na farko zai ce: "Malam, wanda bai samu na tuwo ba kake wa zancen alewa?" Gaskiya ne, akwai gidajen da ko dala biyar ɗin ba su da ita, kuma ban isa in raina halin da suke ciki ba. Amma gyaɗa hannu biyu cikin yashi da dankali uku a toka ba su fi ƙarfin yawancinmu ba a wannan lokaci na shekara. Masu ba yara kuɗin minti kuma su yi lissafi. Dala biyar kullum, a wata ta zama dala 150, wato sefa 750 ga yaro ɗaya. A gida mai yara uku an haura jika biyu. Wannan ya isa a sayi riɗi da sukarin da za a yi kantu fiye da sau ɗaya. In gida ɗaya ba zai iya ba, maƙwabta su haɗa, wannan ta kawo riɗi, waccan sukari, waccan itace, a tara yaran a tsakar gida ɗaya.

Na biyu zai ce ciwo. Wannan ma gaskiya ne. Hunturu lokacin mura ne da tari da ciwon huhu, kuma muna cikin yankin da sanƙarau ke tashi da rani, shi ya sa aka fara babban gangamin sabuwar allurarsa a Nijar a 2010. Sai dai mu gane cewa ƙwayoyin cuta ne ke kawo mura, kuma sun fi saurin yaɗuwa a ɗakin da aka cusa mutum takwas aka toshe taga. In aka ƙara da murhun gawayi a rufaffen ɗaki, an jawo abin da ya fi mura, domin gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, mutum na barci ta tafi da shi. Yaron da aka sa wa riga biyu da hula da takalmi, aka shafa masa man kaɗe, ya fita ya yi langa da hantsi, ya fi wanda aka kulle cikin hayaƙi lafiya. Mutanen arewacin Turai suna da wata magana mai nufin cewa laifin ba na yanayi ba ne, na tufafi ne, kuma ina ganin da gaskiyarsu. Ranar da hazo ya yi kauri kuwa, a rage fita, a rufe wa yara hanci, musamman masu asma. In yaro yana numfashi da sauri haƙarƙarinsa na lotsawa, ko zazzaɓi ya haɗu da sanƙarewar wuya, a kai shi likita a ranar, kada a jira gobe.

Na uku shi ne wuta, kuma a nan ba ni da sassauci. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da gobara ta cinye azuzuwan zana a Yamai cikin watan Afrilu, ta sake yi a Maraɗi cikin Nuwamba, yara ƙanana wajen 20 a ta farko, fiye da 20 a ta biyu suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Don haka kada malami ya karanta wannan rubutu ya je ya hura wuta a harabar lakwal da sunan darasi. Duk abin da ke buƙatar wuta na gida ne. A gidan ma, narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi, kuma yana manne wa fata. Tukunya ta babba ce shi kaɗai, kamar yadda a bidiyon nan dattijon ne ke riƙe da ludayi, yara tsinke kawai suka riƙe. A ɗaure wa yarinya gefen zanenta da hijabinta kafin ta matso kusa da murhu. In tsautsayi ya faru aka ƙone, a yi ta zuba ruwa mai sanyi a wurin har wajen minti 20, ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da tawada, sannan a tafi likita.

Akwai mai cewa sukari yana ɓata haƙori. Haka ne, shi ya sa nake maganar sau ɗaya a mako. Kantun da rabinsa riɗi ne, aka ci shi daren Asabar aka yi asuwaki, ai ya fi mintin da ake tsotsa kullum safe da yamma. Akwai kuma mai cewa wannan duk kwaikwayon Turawa ne. Ni dai ban ga Bature a cikin dakuwa ba. Bidiyon Kanada tuni kawai ya yi mini da abin da kakata ke yi, wanda ni na bari ya mutu a gidana. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, mu ne muka yi shiru da namu.

Yanzu ga abin da na gwada, don kada ya zama na yi ta surutu ne a kan abin da ban taɓa ba. A aji, ba tare da wuta ba, na sayo ƙanƙara na farfasa ta a cikin babbar leda, na zuba mata gishiri cikin hannu biyu. Na dama madarar gari da ruwa mai tsabta da ɗan sukari, na ƙulla a ƙananan ledoji, na tura su cikin babbar, na ɗaure, na naɗe da tsumma. Yara suka yi ta karɓa-karɓa suna girgizawa suna ƙirga. Kafin minti 15 madarar ta daskare. Dalili shi ne gishiri yana sa ƙanƙara ta narke alhali sanyinta ya sauka ƙasa da sifili, sai ta janye zafin madarar. Wani alherin kuma, ƙanƙarar ba ta taɓa abin da za a sha, ko da ba ka yarda da ruwan da aka yi ta da shi ba. A wannan rana mun yi darasin halaye uku na ruwa, mun yi awo, mun koyi kalmomi da Hausa da Faransanci, kuma a nan ne na nuna musu bidiyon, suka fahimci abin da dusa ke yi wa maɗi. Sai dai na yi kuskure ɗaya, ban sanar da iyaye ba. Washegari wata uwa ta zo ta ce: "Mushe, ƙanƙara ka ba su cikin wannan ɗari?" Na yi mata bayani cewa da tsakar rana ne, kuma cokali biyu-biyu suka samu, amma ba ta gamsu ba, kuma tana da haƙƙi. Wanda zai gwada ya fara shawara da darakta da iyayen yara.

Akwai darussan hunturu da ba su cin ko dala. A sa yara su huro numfashi da sassafe su ga tururi, a tambaye su daga ina ya fito. A jiƙa tsumma biyu, a shanya ɗaya a iska ɗaya a cikin aji, a ga wanne zai riga bushewa. A tambaye su me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi, daga nan a kai su ga yadda ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yake tafiya da zafi in iska ta busar da shi. Da wannan hikima ce wani malamin makaranta daga jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, har ta kai shi ga samun kyautar Rolex a shekarar 2000. A tambaye su ko sun taɓa ganin tartsatsi a jikin bargo cikin duhu, su ba da labari, a bayyana musu cewa bushewar iska ce ke sa haka. A manna takarda a bango, kullum yaro ɗaya ya zana ko yau hazo ne ko garau, a ƙarshen wata a ƙirga. Sannan mu ɗan sassauta wa masu makara, a fara da ƴan tsalle-tsalle da tafi na minti biyar a rana kafin a ce su ɗauki alli.

A gida kuwa na ware daren Asabar. Uwargida ce malama, ni ɗalibi. Babban yaron ya auna riɗi kofi biyu da sukari kofi ɗaya, na tsakiya ya tsince tsakuwa, ƙaramar ta shafa mai a faranti. Aka soya riɗin sama-sama, aka narka sukari har ya yi ja, aka haɗe aka juye. Da ya ɗan huce suka murje shi da kwalba, aka yanka suna ƙirgawa, aka yi rabo, har da gardamar wa ya samu babba. Na farkon da na ce ni zan riƙe muciya ya ƙone, ya yi ɗaci, uwargida ta yi ta mini dariya, yaran kuma suka cinye shi a haka. Mako na biyu ya yi kyau, ƙaramar ta ƙulle guda uku ta ce na kakarta ne. Na uku muka yi dakuwa, kowa ya karɓi taɓarya ya yi nasa dakan.

A nan ina da magana da mu maza. Sauƙi ne a karanta wannan a ce aikin mata ne, a ƙara wa uwa wani nauyi a kan wanda ta wuni tana ɗauka. Na san da yawa sun tafi cin rani, waɗannan uzurinsu a fili yake, kuma kawu ko kaka ko wa zai iya tsaya musu. Amma mu da muke gari, da an yi isha'i sai fada, shayi na ɗaya, na biyu, na uku, har yara su yi barci ba su gan mu ba. Lokacin kokowar takobi, wadda ake yi tun 1975, za mu iya kwana muna gardamar wa ya kayar da wa, kuma ni ma ina ciki. Dare ɗaya cikin bakwai ba zai rushe fada ba. Uba ya sayo rake ya zauna ya fere wa yaransa da hannunsa, ya gaya musu daga wace fadama ya fito. Ya tono musu dankali daga toka, ya ba su labarin yadda hunturu yake a garinsu sa'ad da yake kamarsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekarun da yaro ke son zama kusa da ubansa ba su da yawa. In sun wuce, ko ka kira shi da kantu a hannu, waya ce a gabansa.

Ina roƙon ƴan uwana malamai, a taron iyayen yara na gaba a ɗauki minti goma a yi wannan magana. A nemi tsohuwa ɗaya a unguwa da ta iya hanjin ligidi ko tuwon magarya, a roƙe ta ta koya wa matasan iyaye, tun ba ta tafi da saninta ba. A ba yara aikin gida su tambayo kakanninsu abin da suke ci da wasannin da suke yi da hunturu, su zo su faɗa a aji da Hausa, sannan a rubuta. Wanda ya gwada wani abu ya yi kyau ko ya ɓaci, ya faɗa wa na kusa da shi, mu ƙaru da juna.

Ɗalibin nan nawa na mayar masa da hoton kantunmu na mako na biyu. Ya ce in ajiye masa nasa sai ya zo hutu. Ƙaramar tawa kuma tun da iska ta fara juyawa a watan nan take tambaya ko an kawo sabon riɗi kasuwa.

Allah ya raya mana zuri'a, ya kare su daga ciwo da gobara, ya sa mu ga ƙarshen wannan hunturu lafiya.